Konis ya tsage, sikatin ya kumbura, kafintan kuma ƙanin matata ne

Assalamu alaikum. Na kammala ɗan gidana a Arkilla, aka yi aikin ciki cikin watan Agusta, muka tare a Oktoba. Ƙanin matata kafinta ne, shi na danƙa wa aikin duka, shi ya ɗauko masu POP, farin garin nan da ake kwaɓawa a yi adon silin. Yanzu ga mu a Janairu, konis ɗin falo, wato adon POP da ke bin mahaɗar bango da silin, ya tsage wuri huɗu, kusurwa guda kuma ta yi tabo ruwan ƙasa. Katakon da aka zagaye ƙofofi da shi ya buɗe a mahaɗa har tsinken ashana na shiga. Sikatin, wato abin da aka zagaye ƙasan bango da shi, na MDF ne: na ɗakin uwargida ya kumbura ta gefen bangon bayi, na falo ya rabu da bango. Saura rubu'in kuɗinsa ban biya ba. Ni so nake a ɓamɓare duka in kira wani, ita ta ce in na yi haka na ci mutuncin gidansu. Shi kuma ya ce hunturu ne, da ruwa ya sauka komai zai koma. Mi ya kamata in yi da wanga al'amari?

Magidanci, Arkilla, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a sabon gida.

Kada ka ɓamɓare duka, kada kuma ka zauna jiran damina. Abin da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne, ciwo biyar ne, kowanne da dalilinsa, kuma ba dukansu ke wuyan ƙanin matarka ba. In ka kira sabon ma'aikaci ba a gano dalilan ba, baɗi war haka irin wannan wasiƙar za ka sake rubutawa, sai dai sunan kafinta ya canza.

Mu fara da katakon ƙofa, domin a nan ne maganarsa take da rabin gaskiya. Katako yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita, ko da an yi shekaru da sare shi. Mafi yawan katakon da ake aiki da shi a Sakkwato daga kudu ake ɗauko shi, kuma sau da yawa bai gama bushewa ba yake isowa. Wanda aka yanka aka buga a watan Agusta, tsakiyar damina, yana iya ɗauke da ruwa kashi 18 cikin 100 na nauyinsa ko fiye. Hunturunmu kuwa, lokacin da laimar iska ke faɗowa ƙasa da kashi 20, yakan tsotse shi ya koma wajen kashi 5 ko 6. Lissafin da kafintoci ke bi shi ne, duk raguwar kashi 4 na ruwa, faɗin katako yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100. Tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. To katako mai faɗin santimita 7 ya rasa milimita 2 ke nan, kuma tunda faɗi ya ragu tsawo bai ragu ba, yankan karkace da aka yi a mahaɗa ya daina zama digiri 45. Je ka duba da kyau: za ka ga buɗewar ta fi girma ta ciki, gefen da ke kallon ƙofa, bakin waje kuma yana nan a haɗe. Wannan ita ce shaidar ɗanyen katako. In kuwa ka ga ta waje ya buɗe, ko kuma buɗewar daidai take daga sama har ƙasa, to yankan ne bai yi ba tun farko.

Da ruwa ya sauka zai ɗan rufe, amma ba zai koma yadda yake ba, domin katakon da ke cikin ɗaki a Sakkwato ba zai sake ɗaukar ruwan da ya zo da shi daga kudu ba. Hunturu na dawowa kuma ya sake buɗewa.

Daɗin abin shi ne katakon nan naka yanzu ya bushe, ya fi sabon da za a sayo a kasuwa amfani. Tsakanin yanzu da Maris ne lokacin gyaransa. Inda buɗewar ba ta kai milimita 2 ba, a kakkaɓe ƙura, a kwaɓa farin gam na katako da garin zarto mai laushi a cusa, a bari ya kwana, a goge da samfefa. Inda ta fi haka, a fere siririn katako irinsa, a shafa masa gam a tura cikin tsagar, in ya bushe a yanke abin da ya yi saura. Foti, wato kwaɓin cike ramuka kafin fenti, shi kaɗai a babbar tsaga ba ya shekara, zubowa yake yi. Inda abin ya yi muni sai a cire. A fara bin layin fenti da wuƙa tsakanin katako da bango don kada filasta ta biyo, a sa sikirefa a baya a ɗaga a hankali, a zare ƙusoshi ta bayan katakon don kada fuskarsa ta fashe. Wurin mayarwa, shawararmu a bar yankan karkace gaba ɗaya: a yanke na gefe biyu a miƙe, a ɗora na sama a kansu a kwance. Irin wannan haɗi ko katako ya motsa ido ba ya kamawa, kuma shi ya fi dacewa da garin da iska ke juyawa haka tsakanin Agusta da Janairu. A bar milimita 5 tsakanin bakin firam da katakon don ƙofa ta samu wurin juyawa. Kafin a mayar, a shafa maganin gara irin Solignum a baya, a bari ya sha iska, a kuma yi wa baya da bakunan yanka fenti, ba fuska kaɗai ba. Katakon da aka rufe fuskarsa aka bar bayansa tsirara, gefe ɗaya yake shan laima, shi ya sa yake lanƙwashewa. Baƙin mai da wasu ke shafawa a bar shi can, fenti ba ya kama shi, warinsa kuma ba na ɗakin kwana ba ne. Ƙasan katakon kada ya taɓa tayil, a ɗaga shi kamar milimita 3 saboda ruwan guga.

In za a ƙaro sabo, malaina da ta bushe ba ta cika motsi ba, iroko kuma gara ba ta cika damunsa ba. Obeche yana da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, amma abincin gara ne in ba a yi masa magani ba. Ko wanne aka sayo, a jera shi a cikin ɗakin, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, ya yi mako biyu zuwa uku kafin zarto ya taɓa shi.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarka ba wannan ba ne. Wurare biyu ne da ruwa ya bar sawu: sikatin ɗin ɗakin uwargida da tabon kusurwar falo.

MDF garin katako ne da aka matse da gam. Da ya sha ruwa ya kumbura, shi ke nan, ko ya bushe ba ya komawa, sai cirewa. Amma tambayar ita ce, ina ya samu ruwa a Janairu, wata uku ko fiye ba a ga ɗigo ba? Tunda gefen bangon bayi ne kaɗai, ba mofa ba ce, domin da ita ce da duk zagayen ɗakin ya taɓu. Cire wannan sikatin ɗin yau, ka dubi bangon da ke bayansa. In ka ga filasta ta yi duhu, ko fenti na tashi, ko wani farin gari kamar kanwa, ruwa na ratsowa. Don ka tabbatar, yanko leda mai kauri kamar santimita 30 kowane gefe, ka manna ta a bangon da salatif ka rufe gefunan huɗu, ka bar ta kwana biyu. In ta yi gumi ta ciki, bangon a jiƙe yake. Sai kuma ka gano ta ina: da dare ka cika tankin sama, ka sa alama a bakin ruwan, a rufe duk famfunan gida kada kowa ya taɓa. In da safe ruwa ya sauka, bututu ne ke yoyo cikin bango, aikin mai famfo ne. In bai sauka ba, ruwan wanka ne ke bi ta tsakanin tayil ɗin bayi, galibi a inda ƙasa ta haɗu da bango ko zagayen magudana, sai a kankare abin da aka cike tsakanin tayil ɗin da shi a sake cikewa da mai hana ruwa. Ko wanne ne, wannan yoyon ba kafinta ya kawo shi ba. Kuma bangon da ke jiƙe kullum da katako a jikinsa gayyatar gara ne, ka duba ko akwai 'yan hanyoyinta na ƙasa a bayan sikatin ɗin.

Bayan an tsayar da ruwan, a bar bangon a buɗe ya bushe, mako uku ko huɗu a wannan yanayin, a sake gwajin leda kafin a rufe.

Mu dai ra'ayinmu, MDF ba na ƙasan bango ba ne a gidan da ake guga da ruwa safe da yamma saboda ƙura, kuma gidaje da yawa a Sakkwato haka suke. Sikatin na tayil ya fi. Ga lissafinsa: ɗaki mai ƙafa 12 da 14 zagayensa ƙafa 52 ne, a cire ƙafa 3 na ƙofa saura 49, wato kusan mita 15. Tayil mai santimita 60 da 60 in aka yanka shi faɗin santimita 10 yana ba da guda 5 lafiyayyu, na shida injin ya ci wani abu daga cikinsa. Kana buƙatar guda 25, wato tayil 5, ka ƙara 1 ko 2 saboda fashewa. Sai dai guda 2 ne kacal a kowane tayil ke da bakin kamfani mai santsi, sauran bakin inji ne mai kaifi, don haka ko dai a goge bakin da dutsen guga, ko a sayi tayil ya ninka a yi amfani da gefuna kaɗai. A kankare fenti daga inda za a manna, a yi amfani da gam ɗin tayil, a shafa shi ya cika bayan gaba ɗaya. Ɗigo biyu-uku da wasu ke sawa shi ne ke barin rami a baya, kujera na bugawa ya fashe, kyankyasai kuma su samu ɗaki.

Na falo da ya rabu da bango, in bai kumbura ba, ba sai an jefar da shi ba. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an buga ƙusar kankare cikin bulo mai rami, ba ta kama komai ba, ko kuma filastar bangon ba ta miƙe ba aka danne sikatin da ƙarfi ya bi ta, daga baya ya ƙwace. A cire, a huda bango da injin huda mai bakin milimita 6, a sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a bango, a ɗaure da sukuru mai tsawon milimita 50, ɗaya a kowane santimita 40 zuwa 50, da ɗaya kusa da kowane ƙarshe. A nutsar da kan sukurun a rufe da foti. Kada a huda daidai ƙasan soket, bututun waya a nan yake bi. 'Yar tazarar da ta rage a sama tsakanin sikatin da bango a cike ta da akirilik na kwali, wanda ake matsawa da bindiga. A kula wurin saye, silikon kamarsa ɗaya a kwali amma fenti ba ya hawa kansa.

Sai tabon konis. Tabo mai launin ruwan ƙasa a jikin POP yoyon rufi ne, ya faru cikin damina, fenti ya ɓoye shi na ɗan lokaci sannan ya fito. Wani lokaci kuma tsatsar baƙar ƙusa ce da aka bari a ciki, amma ita takan fito ɗigo-ɗigo ne, ba shimfiɗe ba. POP ba ya jituwa da ruwa: in ya jiƙe laushi yake yi, nauyinsa ya ƙaru, ya saki. Danna wurin da ɗan yatsa. In ya lotsa ko yana zubo gari, a yanke wannan yankin a sa sabo, kuma kafin nan kada yara su kwanta a ƙarƙashinsa. A hau rufi yanzu da rani, a duba ƙusoshin kwano da inda kwano ya haɗu da katangar sama, wani ya zuba ruwa da tiyo wani yana kallo ta cikin silin. A gama wannan kafin Yuni. Wurin da ya yi tabo amma yana da ƙarfi, a fara shafa masa fentin mai, shafi ɗaya, kafin na ruwa, in ba haka ba tabon zai sake ɓullowa ko an yi shafi biyar.

Tsagogin huɗu kuwa, ɗauki fensir ka hau tsani. In tsagar ta ratsa konis ɗin a tsaye, kuma tazarar da ke tsakaninsu kusan ɗaya ce, to mahaɗar sanduna ce: an jera su baki da baki an shafe da POP kawai ba a sa filas ba, wato zaren nan da ke riƙe haɗin. Wannan sakacin masu aiki ne. In siririya ce tana bin tsawon inda konis ya haɗu da bango ko silin, motsin rufi ne. Katakon rufi ma yana bushewa, kwano kuma yana miƙewa da rana yana komawa da dare, balle a Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Ƙwanƙwasa konis ɗin da bayan yatsa kana tafiya: inda ya yi ƙarar fanko bai kama bango ba, galibi don an manna shi a kan fenti ko a kan busasshen bango da ya tsotse ruwan kwaɓin kafin ya kama. In kuwa tsagar ba ta tsaya a konis ba, ta gangaro bango a karkace, ko faɗinta ya kai milimita 3, sa alama a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata. In ta wuce alamar cikin wata guda, wannan maganar gini ce, injiniya za ka kira, kada kowa ya shafe ta.

Gyaran mahaɗa ba shafe ba ne. A buɗe tsagar da wuƙa ta yi faɗin kamar santimita 1 a fuska tana tsukewa ciki, a share ƙura da buroshi, a jiƙa wurin da ruwa sosai. A tsoma filas cikin kwaɓi a ɗora ya ratsa haɗin, ya wuce santimita 10 kowane gefe, ta baya in ana iya kai hannu ta cikin silin, in ba a iya ba a ɗan rarake fuska a binne shi. Sannan a cike, a gyara zanen da sikirefa tun yana ɗanye. Sandar da ta saki a sauke ta, a kankare fentin bango har filasta, a karce shi, a jiƙa, a manna da sabon kwaɓi, a tokare ta da sanda har ta kama, a ƙara da sukuru mara tsatsa. Siririyar tsagar da ke bin tsawon bango kuwa akirilik za a sa mata, domin yana miƙewa, POP ba ya yi.

Ka tsaya a kansu lokacin kwaɓi, a nan ake cin amanar aiki. Ruwa ake fara zubawa a bokiti mai tsabta, a riƙa barbaɗa garin a kai har ya fara tsayawa a saman ruwan, kusan kilo 1 ga lita 0.7, a ba shi minti biyu ya sha sannan a juya. Abin da za a ƙarar cikin minti goma kawai za a kwaɓa. Ruwan tankin da ya sha rana yana sa shi kamawa da wuri, haka ma ɓurɓushin tsohon kwaɓi a bokiti, shi ya sa aikin safe da ruwan sanyi ya fi. In ya fara tauri a zubar. Ƙara masa ruwa a sake juyawa kashe shi ne, zai yi kyau a ido, bayan wata biyu ya koma gari. Kada kuma a yarda a haɗa shi da siminti wai don ya ƙara ƙarfi. Simintin Kalambaina na bulo da filasta ne, in ya haɗu da POP ya samu danshi kumbura yake yi ya fasa. Buhun da aka buɗe aka ga dunƙule-dunƙule a ciki ya riga ya sha laima, a mayar wa mai shago. Bayan gyara a ba shi aƙalla mako guda ya yi fari fat kafin fenti, mai goge shi kuma ya rufe hanci.

Yanzu maganar kuɗi da zumunci. Laifinsa a fili yake a wuri uku: ɗanyen katako, ƙusar da ba ta kama ba, da mahaɗar da ba filas, tunda shi ya kawo masu POP shi ke da alhakinsu. Yoyon bayi da na rufi na wasu ne. Zaɓen MDF kuwa, kai ka san yadda aka yi. In shi ya ba da shawara, nasa ne, in kuma kai ka ce a nemo mai sauƙi, ko ka matsa a gama cikin damina don ku tare, to kai ma ka ɗauki rabonka ka faɗa masa da bakinka, zai sa ya saurari sauran.

Kira shi ku biyu, ba a gaban yayarsa ba, ba kuma ta waya ba. Ku zaga gidan da fensir ɗaki-ɗaki, ka nuna masa abin da ka gani, ka bar shi ya yi bayani. Abin da kuka tsayar a rubuta a takarda, kowa ya riƙe kwafi: shi zai gyara nasa ɓangaren ba tare da ƙarin kuɗin aiki ba, har da dawo da masu POP, kai za ka sayi tayil da gam ɗinsa tunda canjin kaya ne, ka kuma biya mai famfo da mai rufi. Rubu'in da ya rage haƙƙinsa ne, kada ka ce ka cinye, amma ka raba shi biyu: rabi ranar da aka gama gyara, rabi a ƙarshen Agusta bayan aikin ya ga ruwa. Uwargida kuma ka gaya mata wannan tsarin kafin ka gaya masa, don kada ta ji shi daga gidansu. In ya ƙi zuwa, ko ya sa rana sau biyu bai cika ba, ka sanar da wani babba a gidan nasu cewa za ka sa wani ya gyara da kuɗin da ya rage, ka ajiye rasit, abin da ya saura ka aika masa.